Kawu Sale da Dokar Ƙwallon Amurka

Duk wanda ya taɓa cin tsiren Kawu Sale a unguwar Misfala ta Makka ya san talabijin ɗin nan na kan firji, ya kuma san ba don kallon wasa aka ajiye shi ba. Mutum ne da ya haukace a kan ƙwallon Amurka, wannan mai kama da gwanda, amma da an busa usur ƙatti sun fara karo da kwano a ka, sai ya miƙa hannu ya kashe. "Raguna ma suna yin wannan," in ji shi. Shi jira yake a tashi wasa, masu kwat su zauna suna gardamar albashi da sauya kulob. Nan fa zai jawo ni, ni ɗan ƙanwarsa da na ɗan taɓa boko a Kano, ya ce, "Habu, fassara. Ko tari suka yi ka faɗa min."

Wani alhaji Ba'amurke ne ya jawo mana wannan jidali. Ƙato ne baƙi, tsohon ɗan wasa, gwiwoyinsa duk ɗinki. Kullum bayan la'asar yana gaban tukuba yana cin tsire, yana hira da guntun Larabcinsa. Shi ya gaya wa Kawu dokoki biyu. Ta farko, kowane kulob akwai iyakar abin da zai kashe a albashi, attajiri da talaka rufinsu ɗaya. Ta biyu, ɗan wasa in ya yi shekara huɗu kwantiraginsa ya ƙare, ya zama ɗan kansa, ya tafi inda ya ga dama ba sai ya roƙi kowa ba.

Kawu ya ajiye wuƙa. "Huɗu? Ya shek, huɗu kacal?"

Shi tun gemunsa na baƙi yake ƙarƙashin kafili ɗaya, wato ubangidan da ya tsaya masa a wurin hukuma, Ammu Hamid mai shagon. Duk shekara in za a sabunta iƙama, takardar zaman ƙasa, sai ya roƙi tanazul, wato Ammu ya sake shi ya koma hannun wanda yake so. Duk shekara Ammu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bukra, inshallah," wato sai gobe. Ba wai zaluntarsa yake ba, tare suke shan shayi, tare suke tsine wa tsadar gawayi. Sakin ne dai babu. Kawu yana mai da abin wasa, amma ni na san yana cinsa a rai ƙwarai.

To tunda bai iya gyara kafala ba, wato tsarin nan na zama a hannun kafili, sai ya fara da tsire. Ranar nan wani ɗan gayu ya faka wata doguwar mota, ko fitowa bai yi ba, ya leƙo ya ce a naɗe masa duk abin da ke kan wuta. Ga leburori a layi tun ɗazu suna haɗiyar miyau.

Kawu ya ce, "Akwai rufi."

"Wane rufi? Zan biya ninki biyu!"

"Ko ninki goma ne. In mai kuɗi ya kwashe zaratan tsinke duka, wa zai zo kallo gobe? Faranti ɗaya, kuma bayan mutumin can mai bokitin fenti."

Ammu Hamid ya fito da gudu yana riƙe da kai. "Ya Sale, haram alek! Ciniki kake kora!"

"Ba ni nake kora ba, Ammu, doka ce. Ka ba ni tanazul ka ɗauko wanda bai san doka ba."

Kai, Kawu!

Kada ku ɗauka ya yarda da dokar Amurkawan yadda take. Ina! Ranar da na fassara masa cewa kulob yana iya liƙa wa gwaninsa ɗaya tambari ya hana shi tafiya shekara guda, in dai ya biya shi da tsoka, sai da ya tashi tsaye. "Wannan ai kafala ce aka fesa wa turare! A soke ta!" Ya kuma ce rufin nan na munafunci ne, tunda an yi wa mai karya gwiwa iyaka, ba a yi wa aljihun mai kulob ba. Daga ranar duk dogon alhajin da ya gani da tabarau da farin takalmin gudu, Ba'amurke ne. Ya taɓa tare wani, ya zaunar da shi, ya ba shi kyautar tsire, ya zayyana masa gyare-gyaren nan kaf ina juyawa da Turanci har maƙogwarona ya bushe. Mutumin yana ci yana gyaɗa kai. Sai da ya suɗe yaji tas ya ce, "Baba, ni fa daga Gusau nike."

Ko gezau Kawu bai yi ba. "Madalla. Gusau ta fi Misfala kusa da su. Ka ba wani ya ƙarasa da saƙon."

Ana haka rusau ya ci rabin layinmu, masaukan alhazai suka tashi, ciniki ya mutu murus. Ammu Hamid kuma ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana sai da ƙyar. Babban ɗansa, wanda bai taɓa son ƙaurin hayaƙi ba, ya zo shago ya ce, "Ammi Sale, kalas. Na amince da tanazul, ka nemi wanda kake so."

Jama'a, da ma kun ga Kawu a makon nan! Ya sa farar jallabiya, ya kafa kujera a ƙofar shago, ya ce ya shiga kasuwa. Kuma wallahi an zo. Mai babban gidan abinci daga Aziziyya ya zo da alkawarin ɗaki mai sanyi. Wani ya taso tun daga Jidda. Kawu ya harɗe yana yi musu tambayoyi kamar mai zaɓen suruki: "Gwanaye nawa gare ka a kicin? Uku? Ai ka wuce rufi, tashi." Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba.

Ranar Juma'a ya ce in raka shi Utaibiyya gidan Ammu. Muka same shi a kwance, ya rame, ya kau da kai da ya gan mu, don ya ɗauka sallama aka zo yi.

Kawu ya zauna a bakin gado. "Ya Ammu, a doka, kulob ɗin da ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓe. Na duba Makka kaf, ban ga wanda ya kai ka zama na ƙarshe ba. Yalla, zaɓi."

Na raɗa masa, "Kawu, ai wannan dokar ta sabbin 'yan wasa ce."

"Na gyara ta. Yi mana shiru."

Ammu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga hannun nan mai lafiya, ya nuna ƙirjin Kawu. Hawaye na bin gefen fuskarsa har cikin kunne. Ni ma dai sai na tsinci kaina ina ta kallon fanka.

Kawu ya share ido da hannun riga, ya gyara murya. "Tayyib. Amma shekara ɗaya-ɗaya za mu riƙa yi. In ka kuskura ka ce min bukra, na tafi Jidda."

Kawu bai kai ga sabuntawa ta biyu ba, rai ya yi halinsa. Da aka kai shi Harami za a yi masa salla, a keken guragu aka turo Ammu, ya kafe sai an sa shi a sahun gaba.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Ya daɗe yana jira a duniya. Ya Rabbi, ranar da za a kira bayinka na gari, ka sa shi cikin waɗanda za a fara kira. Amin.