Hoton Uwar Da Ta Kau Da Kai

Hafiza ta daɗe tana ɗaukar hoto a gidajen biki da na suna, daga Gwandu har Kalgo, da wata tsohuwar kyamara da yayanta ya bar mata. Bana ne kaɗai ta shiga gasa. Ta aika hoton wata Bafulatana da ta ɗauka a ruga kusa da Dodoru: ɗan farinta ya dawo daga makaranta da kyauta a hannu, ita kuwa ta kau da kai tana gyara ƙwarya.

Alƙalan gasar suka ce hoton bai yi ba. Wai haskensa ya yi kyau, amma uwar ba ta kallon yaron, don haka babu alamar ƙauna a tsakaninsu.

Hafiza ta fara rubuta musu amsa a waya, tana bayanin kunyar ɗan fari, ta goge, ta sake farawa. Ƙafafunta na ciwo saboda tsayuwar bikin jiya, kuma gobe akwai wani a Masama. Ta gaji, ta ajiye wayar a kan tabarma.

Innarta ta ɗauka. Hafiza ce 'yar farinta, kuma tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Tsohuwar ta daɗe tana duban hoton.

"Allah sarki," in ji ta, "dubi yadda taka son yaron ga."

Ta miƙa wa Hafiza wayar, idonta na kan bango.