Ruwan Masu Gaisuwa

Daminar da cutar amai da gudawa ta shigo Mpape, Baba ne na farko a layinmu. Da safe ya fita wurin fasa dutse da gudumarsa, da la'asar aka goyo shi gida, da dare muka kai shi asibiti, washegari aka kai shi makwancinsa.

A asibiti wata nas ta ja ni gefe, da Hausarta a karkace ta ce kada kowa ya sha ruwan gidanmu sai an tafasa. Na dawo na ɓoye moɗa, na ɗora tukunya. To wace tukunya za ta ishi masu zaman makoki?

Mata suka cika tsakar gida, kowacce ta hawo tudu a ƙafa tana haki. Mahaifiyata ta harare ni.

"Ke, ba ki ga mutane ba? Kawo ruwa."

"Inna, yana kan wuta."

"Ruwan zafi za ki ba su? Wankan jego suka zo?"

Gwaggo, yayar Baba, wadda ta taso daga Durumi, ta taɓe baki. "Ikon Allah! Tun ƙasa ba ta bushe ba gidan ƙanena ya fara rowar ruwa."

Inna ba ta iya ɗaukar kunya. Ta miƙe ta kamfato ruwan randa da kwano. Na ce, "Inna, don Allah!" Ko kallona ba ta yi ba, ta kafa kai ta sha, sannan ta miƙa wa Gwaggo.

Gwaggo ta ce, "A'a, na sha a hanya."

Kwanon ya zaga, ba wadda ta taɓa. Wallahi har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Kafin sadakar uku Inna ta kwanta. Mota ba ta shiga lungunmu, ni na goya ta na gangara cikin taɓo zuwa asibiti. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na gaji, gajiyar da ko kuka ba na iyawa. A kunnena ta ce, "Idan suka zo, ki ba su ruwa. Kada ki sa a zage ni."

Ba ta dawo daga asibitin ba.

Na tafasa tukunya bayan tukunya, na bari ya huce, na wanke kofuna na shimfiɗa tabarmi. Na zauna har magariba. Ba wanda ya shigo, kowane gida a layin yana da tasa gawar.