Baturiya Mai Hura Wuta

Jama'a, yau na ga abin da ya ɗaure min kai!

Na kai Hajiya, surukata, wata gonar tarihi kusa da Fort Washington, inda ma'aikata ke yin shiga irin ta Turawan da, suna kwaikwayon rayuwarsu kamar gaske. Muka tarar da wata Baturiya a bukka, ba takalmi, tana hura wuta. Duk inda muka juya, idonta na kanmu.

Hajiya ta ce, "Maryam, ban yarda da matar nan ba. Kamar tana jin mu."

Na ce, "Haba Hajiya, ina za ta ji Hausa?"

Ta ce, "Dubi ma ɗanyen itace ta sa. Ko girki ba ta iya ba."

Wallahi sai matar ta ɗago ta ce, "Ruwan jiya ne ya jiƙa shi, Hajiya."

Da Hausa!

Na ce, "A ina kika koya?"

Sai ta koma Turanci, ko murmushi babu, wai tunda aka haife ta ba ta taɓa barin gonar nan ba.

Hajiya ta damƙe hannuna: "Mu tafi, kada ki waiwaya!" Har mota tana Ayatul Kursiyyu.