Gahawa ta Uku ta Inna Zumreta

Shekara ashirin da shida Zumreta ta yi tana dafa gahawa a ofishin shugaban garinmu, a tsakiyar Bosniya. A gabanta aka canja shugabanni bakwai, aka sauke hotuna daga bango aka rataya wasu, waɗanda jiya suke kiran juna kwamared suka wayi gari sai an ce musu yallaɓai. Ita dai butarta ta tagulla ba ta canja jam'iyya ba.

Kowa ya san dokar gahawa a wurinmu. Ta farko ta maraba ce, ta biyu ta hira, ta uku kuwa tsararo ce, ruwa-ruwa, ma'anarta baƙo ya nemi takalminsa. A ofishin nan ba a sa hannu a takarda, ba a tashi daga taro, sai ta uku ta shigo. Saboda haka duk hura hancin manyan nan, Zumreta ce ke rufe musu taro, ba su ma lura ba.

A kakar shekarar da ƙasa ta fara yagewa, Kanar Radisav ya zo karɓar rajistar samarin gari, domin a kwashe su zuwa bakin daga. Da zarar ta shiga hannunsa za a tare hanyoyi. Sunan Sanel, ɗan Zumreta tilo, yana ciki. Motar da za ta fitar da shi daga ƙasar kuma sai sha biyun rana za ta bar tasha, ga ta can ana hangowa ta tagar ɗakin girkinta na ofis. Kanar ya iso ƙarfe tara.

Shugaban gari Avdo mutumin kirki ne, amma ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya nemi alƙalami. Zumreta ta san ba zai yi minti goma yana gardama ba.

Ta kai ta farko, mai kauri. Ta kai ta biyu wajen goma. Sha ɗaya saura, sai ga ta da tire, Avdo har ya cire murfin alƙalami. Ya kurɓa, ya ji ta baƙa ƙirin kamar ta maraba.

"Inna, wannan ta nawa ce?"

"Ta biyu ce, ranka ya daɗe."

"Ba mun sha ta biyu ba?"

"Waccan ba ta yi kumfa ba. Ni zan ba Kanar guda gahawa ba kumfa, a je bariki a yi da ni?"

Wani kyaftin da ya rako Kanar ya dubi agogo ya yi tsaki. "Yallaɓai, mu karɓi takarda mu tafi mana."

"Kai a gidanku haka aka koya maka?" in ji Kanar. "Ka tashi ba a sallame ka ba? Zauna."

Ta biyu ta sake zuwa har sau uku. Kyaftin ya yi sawu huɗu zuwa bayan gida, Kanar kuwa yana ta labarin yadda ake dasa tuffa a ƙauyensu. Ita tana tsaye a taga, tana yi wa direban motar Allah ya isa a zuci don ya tsaya gardama da mai sayar da taba.

Sha biyu da kwata motar ta haye gada. Sannan ta tsuga ruwa a buta, ta kai musu tsararon da ba a taɓa shan irinsa ba a ofishin. Avdo ya sa hannu yana ajiyar zuciya.

A bakin ƙofa Kanar ya tsaya gyara hularsa, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, naki a wace kujera yake?"

Ta tsaya da tire a hannu, ta dube shi.

"Nawa yana bayan direba," ya ce. "Na gode da gahawa."

Sanel yana Suwidin har yau, da mata da 'ya'ya biyu waɗanda ba sa jin yaren kakarsu. Zumreta ta tsufa, kewa ta ci ta, ba ta kuma ɓoyewa. In ka je gidanta ka shirya wuni, za ka sha ta farko, ka sha ta biyu har ka gaji. In ka tambayi ta uku sai ta ce rabonta da dafa ta tun ranar da ɗanta ya tafi.