Amshi Kawai Na Koya

Na haura shekara arba'in kafin na fara koyon waƙa. A lokacin wata biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata, ciwon ƙoda ne ajalinta. 'Yar Bade ce daga Gashua, aure ya kawo ta Nguru. A nan ta haife mu, muka tashi da Hausa a baki, yarenta kuwa gaisuwa da faɗa kawai muka tsinta. Akwai wata waƙa da takan yi a hankali idan tana tsince shinkafa. Ranar da na je kwashe kayan ɗakinta na ɗauki faifan nan nata, na buɗe baki zan rera, sai na tarar ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Ƙanwarta ce ta faɗa mini cewa ƙawar mahaifiyata da suke waƙar biki tare tun suna 'yan mata tana nan da rai a Gashua. Da na gaya wa maigidana ina so in riƙa zuwa wurinta, ya daɗe yana kallona.

"Waƙa kuma? Ke da ko a aji kika ɗaga murya sai ta shaƙe?"

Malamar firamare ce ni, kuma gaskiya ya faɗa. Amma bai hana ni ba. Duk Asabar sai in shiga motar farko, da sukari da ganyen shayi a jaka.

Iya nake ce mata. Tsohuwa ce 'yar firit, idonta ɗaya ya yi fari. Ranar farko ta zaunar da ni a tabarma, ta kife ƙwarya a gabanta, ta buga, ta ce in bi ta. Na bi. Ta tsayar da kiɗan.

"'Yar nan, muryarki a maƙogwaro take, kamar mai gaida suruki. Kawo hannunki."

Ta ɗora tafina a kan cikinta, ta ja numfashi, na ji cikin ya cika kamar salka, sannan ta saki murya. Ban san jiki irin wannan zai iya fitar da sauti haka ba. Wata guda cur ba ta ba ni ko baiti ɗaya ba, sai jan numfashi da riƙe sauti har in ji jiri. Ta hana ni ruwan sanyi. Matan gidan sukan leƙo su koma suna dariya, ni kuma gumi har cikin hijabi.

Daga nan ta fara ba ni amshi, wato layin da masu bi suke maimaitawa bayan mai bada waƙa. Kalmomin yaren Bade ne, harshena ya ƙi su. Takan ce, "Ba haka ba. Uwarki da ta ji wannan da ta toshe kunne." Sau ɗaya na gwada ɗaukar muryarta a waya. Da na koma Nguru na kunna, babu abin da ke tashi sai ƙarar injin niƙan maƙwabta.

A wata na uku na samu amshin waƙar mahaifiyata daidai. Iya ta rufe ido, ta ce in sake, na sake har sau huɗu. Ganin ta ji daɗi sai na ce, "Iya, yanzu saura baitocin."

Ta ajiye sandunan kiɗan a kan ƙwaryar.

"Waɗanne baitoci? Ai ni amshi nake yi. Waƙar tata ce, ita ta ƙirƙire ta lokacin da aka ce za a kai ta Nguru. Ita ke bayarwa, mu muna bi. Na ɗauka ke kika zo da su."

Na ce ban riƙe komai ba.

"Ba ta yi muku a gida?"

"Tana yi."

"To, ina kunnenki yake?"

Abin da na tuna shi ne wata rana ina sakandare, ƙawayena sun zo, mahaifiyata tana tsakar gida tana waƙar. Na fito na ce mata don Allah ta yi shiru, tana ba ni kunya. Ta yi murmushi ta yi shiru. Bayan haka in dai ina kusa, ƙasa-ƙasa take yi. Wannan ban faɗa wa Iya ba. Ta yi ƙoƙarin haɗo mini abin da take iya tunawa, ta samo rabin baiti mai maganar kogi da kwalekwale, sauran ya ƙi zuwa. A mota ranar na juya fuska wajen taga har muka iso.

Da damina ta yi ƙarfi ruwa ya cinye hanya, na yi mako uku ban je ba. Da na koma na tarar ƙafafunta sun kumbura, tana kwance, ba ta iya zama. Ta riƙe hannuna ta kira ni da sunan mahaifiyata, ta ce, "Bayar mana, muna jira." Na yi mata amshin. Leɓenta ya ɗan motsa tana bi. Kwana tara bayan haka aka kira ni a waya ina cikin aji, aka ce Iya ta rasu.

Bara aka yi bikin 'yar yayana a Nguru. Dangi sun ji labarin zuwana Gashua, suka matsa sai na yi musu waƙar kaka. Na tsaya a tsakiyar mata, na ja numfashi daga ciki yadda aka koya mini, muryar ta fita ba rawa. Na yi amshin, na yi rabin baitin, na sake komawa amshin, sannan na tsaya. Suka ɗan jira ko akwai saura. Wata ta rangaɗa guɗa don ta rufa mini asiri, 'yan matan amarya suka haɗa waya da sifika, fili ya cika da rawa. Ni kuma na wuce bayan gida wajen masu rabon abinci, na karɓi ludayi.