Rigar Ulun Da Ta Raba Ni Da Ƙanwata

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ni matashiya ce a Birnin Konni, matar malamin lakwal, wato makarantar boko, mai ji da kanta don wata madam Bafaranshiya ta koya mini saƙa da tsinke. Ƙanwata tana aure a Badaguishiri. Sau biyu tana haihuwa cikin ɗari, jariran suna komawa kafin arba'in, har an fara ce mata mai wabi. Da ta samu ciki na uku, na yi mata alkawarin rigar da sanyi ba zai ratsa ba. Na rantse ba zan taɓa zaren kasuwa ba, sai na ƙasar waje.

Kafin madam ta koma ƙasarsu ta bar mini littafin wani kanti na Faransa, an manna guntayen zare a ciki, kowanne da lambarsa. Nan kaina ya ɗaure. Maigidana ya karanta ya ce wani gashin tumaki ne zalla, wani gauraye, wani na roba, amma bai san bambancin amfaninsu ba. Maƙwabciyata ta ce in ɗauki mai kauri. Ma'aikacin gidan waya ya ce Turawa ba sa sayar da abin banza, in rufe ido in nuna. Kwana uku ina shafa guntayen nan a kumatuna, ƙarshe na zaɓi wanda ya fi laushi, gashin tumaki zalla. Wata huɗu ƙunshin ya yi a hanya ta Kwatano. Kowane ƙullin zare da 'yar takarda mai hoton kwano da hannu a ciki, na yage su na hura wuta.

Aka haifi 'ya mace. Na kai riga da hula da safa, mata suna ta karɓa hannu-hannu, ni kuwa kaina kamar ya fashe. Kwana biyu bayan suna, surukar ƙanwata ta tsoma kayan cikin ruwan zafin wankan jego, yadda ake yi wa duk tsumman jariri. Rigar ta fito ta ƙanƙance ta sandare, ko ɗan kyanwa ba zai shiga ba. Tsofaffi suka yi cirko-cirko. Wata ta ce rigar da ta ƙi mai ita ba alamar alheri ba ce. Ƙanwata ta ƙanƙame 'yarta tana kuka, ta tambaye ni me na saƙa a ciki. Wallahi ni ma na tsorata. Aka binne rigar a bayan gida, aka naɗe jaririyar da tsohon gwadon kakarta.

Yarinyar ta rayu, yau har da jikokinta. Sai bayan shekaru wata ungozoma a asibiti ta gaya mini ulu zalla ba ya son ruwan zafi, kuma abin da hoton kwanon nan yake faɗi ke nan. Na je na yi wa ƙanwata bayani, ta gyaɗa kai kawai. Har yau ban san ko ta yarda ba.

'Yan uwana masu saƙa, kafin ku aika a kawo muku zare daga nesa, ku tambayi yadda ake wanke shi, ku tuna hannun da zai wanke ba naku ba ne. Ƙanwata ta haifi shida bayan wannan, kuma har ta rasu ba ta bari na sa wa ko ɗaya daga cikinsu hula ba.