Littafin da na buɗe ta dama

Shekarun baya, 'yata ta dawo daga firamare a Jimeta da littafin yara mai hotuna, Turancinsa kaɗan ne. An ce iyaye su karanta musu. Ni da allo da Ajami na tashi a Yola, don haka na yi bismillah na buɗe ta dama, wato daga ƙarshe, ina bin hotuna.

Na ga uwa da 'yarta a rungume. Na ga yarinyar ta sunkuyar da kai tana roƙo. Na ga uwar ta haɗe fuska, sai ga tulu a fashe. Na ce wa 'yata, “Kin gani? An ba ta haƙuri ta ƙi karɓa, fushinta ya fasa mata tulu.”

Washegari ta ba da labarin haka a aji, aka yi ta dariya. Ashe yarinyar ce ta fara fasa tulun. Malamarsu ta ce babanki bai iya karatu ba. 'Yata ta buga tebur don fushi, kofin malamar ya faɗi ya fashe. Aka aiko kirana, na je makarantar.

“Baba, yarinyan ka ya yi taurin kai,” in ji malamar. “Sai ya ba da haƙuri, ya faɗa wa aji cewa labarin ƙarya ne, ko ya zauna a gida.”

Na ce, “Anti, kofi dai ta fasa, za ta roƙe ki. Labari kuwa nawa ne. Na buɗe ta baya, na yarda, ki yi min dariya son ranki. Amma nuna min hoton da na ƙara.”

“Ba haka aka rubuta ba.”

“Ba haka kika buɗe ba. Ba za ta tsaya gaban yara ta ƙaryata ubanta ba. In gida ne, ga Keke a waje.”

'Yata ta durƙusa ta ce a yafe mata kofin. Malamar ta daɗe tana juya littafin, sannan ta ce ta koma mazauninta.

Har yau ina ganin yaron da aka tilasta wa ba da haƙuri kan abin da bai yi ba, baki kawai zai koya, zuciyarsa ba ta ciki. Haƙuri ɗaya 'yata ta bayar, na gaskiya. Na biyun ba a samu ba, alhamdulillahi, kuma ban ba kowa nawa ba.